Mai Burodin da Ke Cikin Kogin Wuta

Shekara uku ana gyaran Babban Coci, babu wanda ya ce uffan. Aka sauke tsohuwar darmar da ta rufe kubbobin nan biyar aka sa sabuwa, aka goge ginshiƙan marmara har jijiyoyinsu suka fito, aka sake shafa ruwan zinariya a katangar katakon nan mai sassaƙen inabi da tsuntsaye, wadda ta raba jama'a da bagade, wuri mai tsarki inda ake hidima. Yesun da ke ƙololuwar kubbar tsakiya, wanda tun muna yara muka san shi baƙi ƙirin, ashe rigarsa shuɗiya ce. Kowa ya ji daɗi. Sai da masu gyara suka sauko zauren shiga, suka kama bangon da aka zana Ranar Hisabi, sannan aka taɓo Safta.

Safta ita ke gasa burodin tarayya na cocin, wanda ake tsarkakewa a raba wa masu ibada. Aiki ne da ba a ba kowa, sai dattijuwar da mijinta ya rasu kuma babu wanda ya taɓa jin wata magana a kanta. Shekara ashirin da shida tana yi. Ran Juma'a ta yi azumi, ta kwaɓa da addu'a a bakinta, ta danna wa kowane ɗan curi hatimin katako, ran Asabar da hantsi ta lulluɓe kwando da farin ƙyalle ta kawo. Gidansu gidan burodi ne tun kaka da kakanni. Idan ta miƙa kwandon, sai ta wuce lungun hagu na zaure, ta kunna kyandir mai kauri, ta kafa shi dab da bango. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Da ta tambayi dalili tana yarinya, kakar cewa kawai ta yi, "Nan ne wurinmu." Bangon wurin ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ba a ganin komai a jikinsa.

Wata Asabar ta shigo da kwandonta, Veta mai sayar da kyandir ta tare ta a ƙofa, bakinta cike da magana.

"Tanti Safta, kin zo a daidai. An tono muku ɗan'uwa."

"Wane ɗan'uwa kuma? Nawa duk na san inda na binne su."

"Wannan ba a binne shi ba, gasa shi ake yi. Je ki lungunku ki gani."

Safta ta je. An wanke bangon tas. Daga can sama, ƙarƙashin kursiyin Almasihu, kogin wuta ya gangaro ja wur, ya ratsa mala'iku masu busa ƙaho da matattu masu fitowa daga kaburbura, ya zo ya ƙare a lungun hagu, daidai tsayin fuskar mutum. A cikin wutar akwai wani mutum tsirara har ƙugu, an rataya masa ma'auni a wuya, wasu shaiɗanu biyu ƙanana suna jan sarƙar. A saman kansa akwai rubutu da tsofaffin baƙaƙen da yanzu ba mai iya karantawa sai wanda ya yi karatun abin. Safta ba ta bukaci a karanta mata ba kafin ta gane shi. Ta ga kunnuwan nan masu buɗewa kamar hannun tulu, ta ga lanƙwasar hancin. Fuskar babanta ce sak, fuskar da take gani a madubi in ta cire kallabi.

Shugabar masu gyaran, wata mace siririya mai suna Otilia, ta sauko daga kan katakon hawa da auduga a hannu. Fara'a take yi kamar wadda ta tsinci abin duniya.

"Kin ga kyau, Tanti? Kwana tara muka yi a wannan lungun kaɗai. Ban taɓa ganin kunkunniya mai kauri irin ta nan ba, kamar da gangan aka yi ta hura masa hayaƙi."

"Me aka rubuta?"

"Tanase mai burodi, mai tauye awo."

Tanase kakan kakanta ne. Sunansa ne na farko a takardar matattun da take miƙa wa Fada kowace Asabar don a ambace su a addu'a. Nan take ta gane abin da matan gidansu suka yi shekara ɗari da hamsin suna yi a lungun nan. Ba su da bakin da za su yi gardama da bangon coci, sai suka bi shi da kyandir, mako bayan mako, har suka rufe shi. Abin da mata huɗu suka ƙare rayuwarsu suna yi, wata mai digiri ta share shi da auduga cikin kwana tara, tana kuma jiran a yaba mata.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mutanenmu ba su da aikin da ya fi irin wannan daɗi. Ran Lahadi, mutanen da rabonsu da coci tun bikin aurensu suka yi layi a zaure suna leƙe. A kasuwa mai nama ya ce mata, "Tanti, zo ki duba min sikelin nan, an ce ku ne masana." Direban motar haya da ke maƙwabtaka da ita ya ɗaga burodin da ta ba matarsa, ya jinjina shi a tafin hannu yana kanne ido. Wasa suke yi, ta sani. Amma wasan ya ci mata rai, don a shekara sittin da takwas ɗinta ba ta taɓa sa wa kowa curi marar cika ba, kuma babanta yakan ƙara ɗan guntu a kan kowane awo, ya ce na mala'ika ne.

Ta yi sati ba ta kalli lungun ba. A sati na biyu haushi ya kai ta, ta sa tabarau, ta tsaya gaban mutumin nan ta ƙare masa kallo kamar yadda take duba kwaɓi. Daga nan ta ɗaga murya ta kira Otilia.

"Ke 'yar nan, sauko. Kin taɓa shiga gidan burodi?"

"Na sha shiga saye."

"Shi ya sa. Dubi abin da ke wuyansa. Wannan ba ma'aunin burodi ba ne. Namu mai faranti biyu ne, ƙarami, kan tebur ake ajiye shi. Wannan mai ƙugiya ne, na ɗaga buhun alkama. Sannan dubi hannun. Me kika gani a yatsan?"

"Zobe."

"Zobe mai dutse. Wane mai burodi ne zai sa hannu cikin kwaɓi da zobe? Ga hannun ma luƙui-luƙui kamar na jariri. Ga nawa, duba. Kan dai na Tanase ne, ban musa ba. Amma jikin nan na wani ne."

Fara'ar Otilia ta gudu. A yi mata adalci, yarinyar ba ta da mugunta, ilimi ne kawai ya yi mata yawa. Washegari ta kawo wata na'ura mai hango abin da ke ƙarƙashin fenti. Bayan kwana biyu ta zo gidan Safta da kanta, ta samu tana tuƙa tuwon masara, ta ajiye hoton a kan tebur kusa da kwanon cuku.

A hoton, ƙarƙashin fuskar Tanase, akwai wata fuskar. Mai faɗi, da gemu mai reshe biyu, da doguwar hula irin ta attajiran da. Babu ɗan garin nan da zai ce bai san ta ba. Tana nan a cikin coci, hannun dama da shiga, an zana mai ita tsaye cikin alkyabbar gashi, yana riƙe da ɗan ƙaramin coci a tafin hannu yana miƙa wa Maryamu. Iordache Cernat ne, babban dillalin hatsi, wanda ya gina cocin. Ƙasusuwansa na kwance ƙarƙashin farin marmara a gaban bagade, kuma titin da Safta take zaune sunansa ya ci.

"Cernat mai zanen farko ya sa a wuta," in ji Otilia. "Me ya haɗa su, bango bai faɗa ba. Bayan 'yan shekaru wani hannun daban, wanda bai kai na farko iyawa ba, ya zo ya ɗora fuskar kakanki, ya sake rubutun. Ya manta da zoben."

"To sai ki sa audugarki ki cire na saman."

"Ba ni da iko, Tanti. Sai kwamitin gyaran coci."

Safta ta kashe wuta, ta bar tuwon a tukunya, ta ɗaura baƙin kallabinta na zuwa unguwa.

Fada Nichifor ya karɓe ta a ofishinsa da ke bayan hasumiyar ƙararrawa. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda za su hana ka abu har ka fita kana yi musu godiya. Ta sumbaci hannunsa kamar yadda aka saba, ta ajiye hoton. Ya duba, kuma daga yadda bai yi mamaki ba ta san an riga an nuna masa.

"Mama Safta, zauna mana. Abin ya taɓa ni ƙwarai."

"Ban zo zama ba, Fada. Yaushe za a fitar da kakana daga wutar?"

"Kin ga, aikin gyara yana da ƙa'ida. Duk fentin da ya haura shekara ɗari, tarihi ne, ba a kankare shi. Na saman tarihi ne, na ƙasan ma tarihi ne."

"Ƙarya ma in ta tsufa tarihi take zama ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To na ji, kada a kankare. An ce za a kafa allo a wurin, da harsuna uku, don baƙi. A rubuta gaskiya a kai. A ce fuskar mai burodi ce, amma wutar ta Cernat ce."

Fada ya shafa gemu, ya dubi taga. Saura sati uku a sake keɓe cocin ga Allah. Bishof zai zo, an riga an buga ɗan littafin tarihi da hoton Cernat a bangon littafin, kuma wata jikar jikarsa za ta taso daga babban birni ta zauna a kujerar gaba. Bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa ya yi abin yana bukatar ƙarin bincike, masana za su zauna, kada a yi gaggawar ɓata sunan mamaci.

"Sunan mamaci," in ji Safta. "Nawa mamacin fa? Shi kare ne?"

"Allah ya san nasa, Mama. Zane ba ya kai mutum wuta."

"In haka ne me ya hana a bar mai zoben ya sha zanensa?"

Ya ce ta riƙa tunawa da inda take. Ya ƙara da cewa, tun da maganar ta taso, daga yanzu an hana kunna kyandir a zaure, hayaƙi na ɓata zane. An yi akwatunan ƙarfe a waje, ɗaya na rayayyu ɗaya na matattu, kuma za a sa gilashi a kan lungun hagu da zarar ya iso. Ta fita ba ta sumbaci hannun ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

Ta bi duk ƙofar da ta sani. Ta rubuta wa ofishin Bishof, aka amsa mata da kati mai hoton kubbobi. Ta tare shugaban kwamiti, wani tsohon malamin tarihi, a bakin kantin magani, ya ce mata ai ya kamata ta yi alfahari, ba kowane talaka ne fuskarsa ta kai shekara ɗari da hamsin a bangon coci ba. Otilia ta rubuta gaskiya a rahotonta, aka sa rahoton a durowa. Aka kafa allon a ƙasan zanen, da harshenmu da harsunan baƙi biyu, ya ce wannan misali ne mai ban sha'awa na yadda masu zanen da suke hukunta 'yan kasuwa marasa gaskiya. Aka huda bango aka sa ƙusoshi huɗu masu jiran gilashi, gilashin kuwa bai iso ba, don a ƙasar nan ba abin da ke isowa ran da aka ce.

Ranar keɓewa ita ce rana ɗaya tak da ake barin kowa, har mata, ya ratsa ta cikin bagade ya sumbaci teburin tsarki. Wanda ya samu sau ɗaya a rayuwarsa ya gode Allah. Saboda haka tun da sassafe motocin safa suka cika dandali, daga ƙauyukan tudu da na bakin kogi, tsofaffin mata da kallabi da jakunkunan guzuri, maza da huluna a hannu. Layi ya taso daga zaure, ya zagaye cocin, ya miƙe har gaban gidan waya. Bishof ya zagaya ginin sau uku yana shafa wa kusurwoyi mai, ƙararrawa na tashi, masu ɗaukar hoton talabijin na bin sa. Burodin da za a yi hidima da shi na Safta ne, ta kai tun jiya, cikakke kamar kullum.

Ita tana cikin na gaba-gaba a layi, Veta ta tsare mata wuri. Da aka buɗe ƙofa jama'a suka fara shiga, kowa na sumbatar hotunan waliyyan da ke zaure ɗaya bayan ɗaya. Safta ta wuce Bitrus, ta wuce Bulus, ba ta tsaya ba. Ta nufi lungun hagu. Ta ciro daga jakarta dogon tawul ɗin da kakarta ta yi wa ado da jan zare, irin wanda muke yafa wa hoton waliyyi a gida. Ta rataya shi a kan ƙusoshin sama guda biyu, ya zagaye kan Tanase, gefunansa suka sauko suka rufe shaiɗanun, jelarsa ta lulluɓe allon. Ta soka reshen ɗaɗɗoya a jikin ƙusa. Ta yi alamar gicciye sau uku, ta sunkuya ta taɓa ƙasa, ta miƙe ta sumbaci goshin kakan kakanta a tsakiyar wuta.

Iyakar abin da ta yi niyya ke nan. So take ta girmama shi sau ɗaya a gaban mutane, a kore ta in an ga dama. Ta ja gefe tana jiran hannun da zai kama ta.

Amma matar da ke bayanta ba 'yar gari ba ce. Daga wani ƙauyen tudu ta zo, tun asuba take tsaye, kuma ta san abu ɗaya da kowannenmu ya sani: a layin coci, abin da na gabanka ya sumbata shi kake sumbata. Ta ga tawul, ta ga ɗaɗɗoya, ta ga bawan Allah tsirara cikin harshen wuta da ƙarfe a wuya yana kallon sama. Waliyyai nawa aka ƙona saboda imani? Ta yi alamar gicciye, ta sumbata. Ta bayanta ma haka. Mijin ta bayan ya ɗaga jikarsa ta kai bakinta. Kafin a gama waƙar farko, layin gaba ɗaya ya lanƙwasa ya bi ta lungun hagu, kamar dama can haka aka tsara.

'Yan gari da suka san zancen suka tsaya baki buɗe. Mai nama ya fara dariya, da layi ya kawo shi wurin, ga tsofaffi na turo shi ta baya, sai ya cire hula shi ma ya duƙa. Otilia na tsaye jikin ginshiƙi, tana kallon leɓuna ɗari-ɗari na sauka a kan aikinta na kwana tara, ba ta ce a daina ba.

Fada Nichifor ya fito daga ciki cikin rigar hidima mai zinariya, ya hango, fuskarsa ta yi fari. Ya kutsa har inda Safta take. Ba shi da yadda zai yi. In zai tsayar da layin, sai ya ɗaga murya a gaban Bishof da na'urorin talabijin ya ce wa mutum dubu biyu ɗan wuta suke sumbata, sannan wani ya tambayi yadda aka yi, sannan a zo kan zobe. Ya matso kusa da kunnenta, taushin muryar nan duk ya tafi.

"Kin san abin da kika aikata? Cire tawul ɗin nan."

"Hannunka ya fi nawa tsawo, Fada. Cire."

Ya dubi tawul ɗin, ya dubi wata tsohuwa da ke kuka a gabansa tana shafa bangon tana shafa wa idonta. Bai miƙa hannu ba.

"Daga yau kada ki ƙara kawo burodi cocin nan."

Maganar ta shige ta, ba za a ce ba ta shige ta ba. Shekara ashirin da shida ne, da hatimin katakon da ta gada, da Juma'o'in da ba ta san me za ta yi da su ba yanzu. Ta ce, "Na ji, Fada." Ya juya ya koma ciki, aka ci gaba da hidima da burodinta.

Ba ta shiga bagaden ba, ta tsaya nan gefen lungu har rana ta take. Can wata 'yar tsohuwa mai goyon ƙusumbi, da ta gama sumbata, ta ja hannun rigarta. Tana riƙe da guntun takarda da fensir, irin na rubuta sunayen da za a miƙa a yi wa addu'a.

"'Yar'uwa, ke 'yar nan ce? Ban iya karanta rubutun ba. Wane waliyyi ne wannan?"

"Tanase sunansa. Mai burodi ne."

Tsohuwar ta rubuta a hankali, tana lasar bakin fensir.

"Allah sarki, ban taɓa jin sa ba. Shi kuma a kan me ake roƙonsa?"

Safta ta dubi fuskar babanta a bango, goshin har ya fara sheƙi.

"Wanda aka yi wa ƙazafi," ta ce, "ba shi da mai tsaya masa."

Tsohuwar ta daina rubutu. Ta ɗago ta dubi zanen da kyau, ta ninke takardar ta cusa a ƙirji, ta koma ƙarshen layi don ta sake zuwa gabansa.